Baƙar Ƙasar Kawu Iliyasu

Kawu Iliyasu ƙanin innata ne. Gonarsa na bakin titi, tsakanin Bici da Tsanyawa. Ba ta da girma. A wajenmu ba mai babbar gona, iyakar kowa na jingine da ta wani. Amma ƙasarta baƙa ce wuluk, don tun zamanin kakansa ake ciyar da ita: kashin awaki, toka, sharar tsakar gida. Duk rani sai a loda a mangala, jaki ya kai, a jibge tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka.

Shi ma haka ya taso yana yi. Jaki ɗaya, turke cike da awaki. Lokacin da mai ke da araha ya sayar da su kaf, ya sayi babur. Kar wani ya zo min da wa'azi a ƙasan rubutun nan, ba wauta ba ce, rabin garin haka suka yi. Da rani acaɓa, da damina ya sayo buhun takin yuriya ya watsa, gero ya yi kore shar. Matarsa Asiya ta huta da sharar turke.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne yuriyar nan da iskar gas ake yin ta. Ni ma a waya na gani. Wato babur na shan mai, gona na shan gas, duka daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo su, kuma abin da aka zuƙe ba ya dawowa. Akuya kuwa ka ba ta harawa ta ba ka taki, ta kuma haifa maka wata akuyar.

Na same shi a ƙofar gida yana goge babur na ce, "Kawu, ashe gonarka gas take ci."

Bai ɗago ba. "To. Allah ya ƙosar da ita."

Da mai ya tashi, taki ya bi shi. Fasinja suka koma takawa a ƙasa. Daminar farko da bai sa yuriya ba, gero ya fito ɗorawa-ɗorawa, ya tsaya iya gwiwa. Ya duba turke, ko kaza babu.

Sabo, wanda gonarsa ke jikin tasa, bai taɓa rabuwa da jakinsa ba. In ya wuce da kaya sai ya ɗaga murya: "Iliya! Jakin naka na ƙarfe ya yi kashi yau? In kawo mangala?"

"Cikinsa ya ɗaure," in ji Kawu.

Sabo ya yi ta dariya. Kawu bai yi ba, bai kuma ji haushi ba.

Ana nan sai wani alhaji daga Dawanau ya zo neman fili a bakin titi, zai gina gidan mai. Innata ta je har gida, ta zauna a tabarma tana kuka. "Gonar babanmu fa, Iliya. Ka jira damina ɗaya."

"Yaya, in jira da me? Hatsin rumbu ba zai kai azumi ba."

Ya sayar.

Ranar da aka kawo katafila za a haƙa ramin tanki, ya je ya tsaya a bakin ramin, hannunsa a baya. Ni ma na je. Da aka yanka ƙasar sai ga ta a fili: baƙar nan duka-duka ba ta wuce kamu ɗaya ba. Ƙarƙashinta jar ƙasa ce har ƙasa. Wahalar kakansa da ta babansa da tasa, da jakuna ban san nawa ba, kamu ɗaya. Kafin azahar an kwashe ta an zuba a tifa.

Ya matsa wajen direban tifar. "Malam, ina za a kai ta?"

"Birni, Baba. Masu shuka fulawa sun saye. Irin wannan ai ba a samu yanzu."

"A ɗan bar min."

Direban ya dube shi, ya dubi tifar. "Ɗebi abin da za ka iya ɗauka."

Akwai tsohon buhun yuriya ɗaure a bayan babur. Ya kwance shi, ya durƙusa, ya cika da hannu. Ya ɗora, ya taka babur, ya ƙi tashi. Ya girgiza tankin, shiru. Haka ya turo shi har gida, buhu a kan babur.

Asiya ta ce, "Malam, me za a yi da ita?"

"A ajiye."

Ya jingine buhun a turken da ake ɗaure jaki. Yana nan har yau. Ruwan bana ya sauka a kansa, ciyawa ta huda ta fito. Gidan man ya buɗe, nan Kawu ke shan lita guda ranar da ya samu.