Baba Isha'aku, Mai Karanta Dawaki Daga Ƙasa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Isha'aku ya riga ya bar unguwar Sharafiyya. Daga masallaci yake wucewa wajen dabbab ɗinsa, 'yar ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya lallaɓa ta har ta yarda ta tashi, ya kama hanyar Usfan inda ake kiwon dawakin sukuwa. Barga tara yake zagayawa kullum. Aikinsa shi ne ya kwashe kashin dawaki da garin katakon da suka kwana a kai, ya kai wa masu gonaki su yi taki. Shekara ashirin da tara ke nan da ya baro Tasawa, kuma duk a kan wannan aikin ya yi su.

Sai dai shi ba ya saka shebur da gaggawa. In ya buɗe ɗakin doki, tsayawa yake yi a bakin ƙofa kamar mai jiran a amsa masa sallama. Ya dubi kashin, ɗanye ne ko busasshe, ko akwai ƙwayar sha'ir da ta fito ba a tauna ba. Ya leƙa kwami ya ga abin da aka rage. Ya nemi inda dokin ya kwanta. Sai ya gama wannan karatun sannan yake share shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ake cin moriyar karatun, a shagon shayin Na'ibi. Mutanenmu na Nijar da Cadi da 'yan Sudan suna cika bencuna, don washegari akwai sukuwa a Ɗa'ifa. Na'ibi ne mai karanto jerin dawakin daga waya, tsere bayan tsere, wanda a nan ake kira shauɗi. Ba caca ake yi ba. Baba ya ga abin da cacar dawaki ta yi wa wansa a Maraɗi, ya ce ranar da aka sako ta a zancen, ranar zai daina zuwa. Wanda ya canka daidai, shayin sati guda yake sha kyauta, Na'ibi yana zubawa yana mita.

Na'ibi zai ce shauɗi na farko mita dubu da ɗari biyu ne, lamba huɗu ya ci sau biyu a jere, magana ta ƙare. Baba zai kurɓi shayi ya ce a Riyad ya ci, da sanyi, ita kuwa Ɗa'ifa kan dutse take, iskarta ba ta cika huhu. A duba lamba bakwai, akawalin nan. Sati uku yana cinye abincinsa har yana lasar kwami, kuma kullum yana birgima, dokin da ke birgima kuwa ba abin da ke damunsa. A shauɗi na uku zai ce goɗiyar da kowa ke so tana da gudu, amma ba ta son yashi a fuska, in ba ta fita gaba ba tun farko to a manta da ita. A na huɗu zai ce bai sani ba, dawakin daga wani gari suke, bai taɓa share musu ɗaki ba.

"Daktur Kashi ya yi magana," in ji Na'ibi.

"Kai da ke sayar da ruwan zafi da sunan shayi, ai ba ka da bakin raina sana'ar wani."

Yana da doka ɗaya. Bai taɓa faɗa a shagon cewa dokin wane ba shi da lafiya ba, don sirrin barga amana ne. Iyakarsa ya ce, wannan ku ƙyale shi. Maganar ciwo kuwa ga mai kula da dokin yake kai ta, a kunne. Idris, wani ɗan Sudan da ke kula da dawaki a bargar da Baba yake fara zuwa, ya sha ba da labarin ranar da Baba ya kira shi gefe ya nuna masa yashi a cikin kashin wani ingarma, ya ce a nemo likita kafin azahar. Aka nemo. Likitan ya ce da an kai yamma da cikin ya murɗe. Idris aka yaba wa, Baba kuwa yana can ya kai taki.

Wannan bargar ta wani mutum ce mai suna Thamer. Shi ne mai horar da dawakin, kuma shi ne kafilin Baba, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannunsa take. A cikin dawakin da aka ba shi horo akwai Gaima, wata farar goɗiya ta wata mata mai suna Dalal. Bana kowa ya yarda ita za ta ɗauki babban shauɗin bazara. Wanda aka ba hawanta Abdelkader ne, mutumin Cadi, mijin Mastura. Shekara goma sha ɗaya yana hawan dawakin da manyan mahaya suka ƙi. Mastura ba ta bar gida ko ɗaya a unguwarsu ta Aziziyya da ba ta kai albishir ba.

Ranar Litinin ta satin tseren, Baba ya buɗe ɗakin Gaima ya tsaya. Inda ƙafarta ta hagu ta gaba take, garin katakon ya lotsa har siminti. Wajen ta dama kuwa yana nan a tashe kamar ba a taka ba. Jikinta fes, ba ko ɗigon gari, wato ba ta kwanta ba. Talata haka, Laraba haka. Goɗiyar tana kwana a tsaye, tana ɗauke nauyinta daga ƙafa ɗaya.

Ya je ya samu Thamer. Thamer ya sa aka fito da ita aka yi sassarfa da ita a tsakar barga, ta tafi sumul ba ɗingishi. Ya shafa ƙafar, ba zafi ba kumburi. Sai ya juyo ya ce wa Baba aikinsa a ƙasa yake, ya bar na sama ga masu shi. Ya ƙara da tuna masa cewa iƙamarsa wata biyu ya rage mata.

Baba ya gane. Shekararsa sittin da uku, ba kafilin da zai karɓi tsoho mai shebur. In takardar ta mutu sai Tasawa, inda waɗanda ya sani a maƙabarta sun fi waɗanda ya sani a kasuwa yawa. Ya yi ta juya abin a hanyar komawa gida. Wataƙila ma idonsa ne ya tsufa.

Alhamis a shagon Na'ibi, da aka zo babban shauɗi, benci duka ya ɗauki sunan Gaima, ana dukan kafaɗar Abdelkader. Baba ya ce a wuce na gaba. Bayan an watse ya ja Abdelkader bayan shago ya gaya masa abin da ya gani, ya roƙe shi kada ya hau.

"Baba, shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan ranar. A kan garin katako zan bar ta?"

Washegari da safe babbar motar ɗaukar dawaki tana tsakar barga, an riga an shigar da Gaima. Baba ya shigo da dabbab ɗinsa cike da taki, ya gicciye ta a bakin ƙofar fita, ya kashe, ya sa makulli a aljihu, ya zauna a ciki. Thamer ya zo yana faɗa da Larabci. Baba ya ce abu ɗaya yake nema, a ɗauki hoton ƙashin ƙafar, in babu komai shi da kansa zai tura babbar motar har Ɗa'ifa. Thamer ya ce wa Idris da sauran ma'aikata yalla, maza su kawar da wannan gwangwanin. Suka jeru su shida suna turawa, suna nishi, suna gumi, motar ko motsi ba ta yi ba. Kowa a wajen ya san mutum huɗu ma suna iya ɗaga ta cak.

Ana cikin haka Dalal ta iso don ta raka goɗiyarta. Ta saurari Thamer, ta saurari tsohon ta tagar dabbab, sannan ta ce a sauke Gaima, sauran dawakin su tafi. Da Baba ya kawar da motarsa, Thamer ya ce masa halas, wato shi ke nan, kada ya sake ganin ƙafarsa a bargar. Abdelkader ya wuce ta gabansa da sirdinsa a hannu, bai ko dube shi ba.

Wata biyu Baba bai ji komai ba. An ɗauki hoton, amma ba wanda ya gaya masa abin da aka gani. Abdelkader ya daina zuwa shagon, in sun haɗu a masallaci sai ya canza sahu. Wasu suka fara cewa tsufa ne, wasu suka ce hassada. Baba ya ci gaba da zagaya barga takwas da suka rage, yana tsayawa a bakin kowace ƙofa kamar da. Iƙamar ta ƙare, ba a sabunta ba. Ranar Talata mai zuwa jirginsa zai tashi.

Sai satin da ya wuce Idris ya samu hoton ya tura wa Abdelkader. Tsaga ce siririya kamar gashi a ƙashin ƙafar dama. Abin da likitan ya faɗa shi ne, da ta kai kwana ta ƙarshe da cikakken gudu da ƙashin ya rabu biyu, wanda ke kanta kuma da ya faɗi a gaban dawaki goma sha uku.

Baba Isha'aku, Mastura yayata ce. Na daɗe ina ganinka ta taga kana wucewa, gaisuwa kawai nake iyawa, shi ya sa na rubuta. Kai ne wanda ake toshe hanci in motarsa ta wuce, kai ne kuma ka hana yayata shiga takaba. Mai ido a ƙasa, ka ga abin da masu kallon sama ba su gani ba. Ka san abin da maganar za ta ci maka, kuma ka faɗe ta sau uku, ta ukun da jikinka. Mun gode, mu da yaran da ubansu ya dawo gida yana fushi amma da ƙafafunsa lafiya. Allah ya sa Tasawa ta karɓe ka hannu biyu, ya sanya maka albarka a sauran kwanakinka.

Ku kuma 'yan uwa da ke shara da wanki da tuƙi a gidajen mutane a garin nan, da yawanmu muna ganin abubuwa muna haɗiyewa saboda takarda. Ban ce abu ne mai sauƙi ba, ga shi ya ci wa tsohon nan zamansa. Amma in ran wani ne a ciki, ku yi irin ta Baba.

Jiya bayan azahar, rana tana dukan kwalta, Baba yana zaune a shagon Na'ibi yana ɗaure wata tsohuwar jaka da igiya, sai ga Abdelkader ya shigo sharkaf da gumi, takalmansa duk ƙura. Daga Aziziyya ya tako. Ya durƙusa a gaban tsohon, ya kasa ɗaga kai. Baba ya tambaye shi ina motarsa, ko lalacewa ta yi.

"Lafiyarta lau, Baba. Ƙafafun ne naka, na kawo maka su ka ga suna aiki."

Baba ya dube su, ya daɗe yana dubawa, sannan ya matsa masa a benci.

"To zauna, kada ka ƙarar min da su."