Jinin da Yaya Ta Yi wa Guɗa

A ƙauyenmu na bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, kusa da Wad Haddad, mata kashi biyu ne a wajen taro. Masu ganin al'ada su ne na biki, su yi wa amarya lalle, su zaunar da ita kan ramin hayaƙin dukhan na turara jiki, su rangaɗa guɗa. Wadda al'adarta ta ɗauke kuwa, sai a miƙa mata ƙwarya da sabulu ta koma cikin masu wankan gawa. Babu malamin da ya ce a yi haka. Mu muka ƙago abinmu, muka kuma riƙe shi gam fiye da farilla.

Yayata ce mai lallen amare tun ina ƙarama. Har daga Rufa'a ake aiko mota a ɗauke ta, kuma da wannan ake saninta, ba da miji ko 'ya'ya ba. Da ta doshi hamsin sai wani zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa ka, tana tsakar zane gumi ya ɗiga a tafin amarya. Ta yi ta ɓoyewa. Amma matan da muke wanki tare sun lura ta daɗe ba ta shanya tsumman al'ada ba, kuma ba su ɓata lokaci ba wajen kai wa Gwaggonmu, shugabar masu wankan gawa.

Gwaggo ta zo da wasu mata shan jabana, wato gahawa, ta dubi Yaya sama da ƙasa, ta ce, “Ɗiyata, mi kika jira? Ƙwarya na nan na aje miki. Khalas, kin ƙare.” Mata suka tuntsire da dariya. Ni kam da ba don girmanta ba da na watsa mata gahawar a fuska.

Daga ranar Yaya ta shiga neman magani, kowa kuma da nasa bayanin. Wata ƙawarta da ke aure a Saudiyya ta aiko da man shafawa a farin gwangwani marar sunan kamfani, da saƙon murya cewa daga doya aka yi shi, sinadarin mata ne irin na jiki sak, don haka ba ya cutarwa. Ungozomar ƙauye ta ce duk wani abu mai suna homon, irin sinadarin da ke cikin man nan, ciwon daji ne a kwalba. Mai kantin magani a Sinnar ya ce man banza ne, a sayi ƙwayoyinsa. Ni ce malamar firamare, don haka ni aka ɗora wa karatu a waya. Na karanta har idona ya yi ja, shafi ɗaya ya ce rahama ce, na gaba ya ce guba. Da na gaji na ja ta zuwa wajen likitar mata.

Likitar yarinya ce, ga layi har waje, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce akwai magani irin na jiki sak mai awo, za ta iya rubuta mata, amma wannan gwangwanin babu wanda ya san yawan abin da ke ciki. Ta ce mace mai mahaifa ba ta shafa irinsa shi kaɗai, sai an haɗa da na biyu mai kare mahaifar. In kuma ta ga jini, ta dawo a ranar. Sannan ta rufe da cewa ko da magani, ƙuruciya ta tafi, ya hajja, a yi haƙuri.

Muna isa gida Yaya ta buɗe man ƙawarta ta fara shafawa. Cikin duk masu maganar nan, gwangwanin ne kaɗai ya yi mata alkawarin abin da take so, shi ta zaɓa.

Zafin ya lafa, barci ya dawo. Bayan wasu watanni, cikin azumi, na ji guɗa daga bayan gida. Yaya ce ta ga jini. Ta shanya tsumma a igiyar da ke kallon ƙofa, ta zauna tsakar gida da rana tsaka tana cin dabino, duk mai shigowa ta gani. Na tuna mata maganar likita, ta harare ni ta ce, “Ke ma kin bi su? Kina son ganina da ƙwarya, ko?”

Sallah ta wuce, jinin bai tsaya ba. Leɓenta ya yi fari fat, tana tafiya tana dafa bango. Matan nan duk sun gani, na rantse sun gani, amma abin ya fi musu daɗi a matsayin wasa. Wannan ta ce amarya sannu, waccan ta tambayi yaushe za a ci tuwon suna. Na roƙi Gwaggo ta sa baki, tunda ana jin maganarta. Ta ce, “A bar ta ta sha ƙuruciyarta. Mu mi munka sani, mu tsohhi?” Na tsane ta a ranar, har yau kuma ban huce ba.

A gidan biki Yaya ta faɗi, tafin amarya ɗaya zane, ɗaya fari. A asibiti aka ce bangon mahaifar ya lalace, aka cire ta gaba ɗaya.

Da muka dawo 'yan dubiya suka cika ɗaki. Suna zaune a bakin gadonta suna gardamar ko jinin ciwo na ɗauke salla, da yawan azumin da ke kanta, kamar ba ta wajen.

Ɗinkin bai gama warkewa ba wata tsohuwa ta rasu a maƙwabta. Gwaggo ta shigo da hantsi, ta ajiye ƙwarya da sabulu a gaban ƙafafun Yaya.

“Yanzu hwa babu uzuri,” in ji ta.

Na yunƙura zan yi magana, Yaya ta riƙe mini hannu. Ta ɗaure zani sama da ɗinkin, ta duƙa a hankali ta ɗauki ƙwaryar, da sauran baƙin lalle a farcenta. Ba ta dawo daga wankan ba aka aiko daga wani gidan biki, wai a ba su aron kayan lallenta.