Hannun Yaya a Gefen Hoto

Shekara ashirin da biyar Yaya yana ɗaukar hoto a shagonsa mai labulen furanni da kujera mai ruwan zinariya. Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya sha umarni: ɗaga haɓa, gyara kafaɗa, kar ka motsa.

Ƙanwarsa Auta malamar jinya ce. Tsohuwar kyamarar da ya gaji da ita ya ba ta, yana dariya, wai ta je ta ɗauki hoton allura. Ita kuwa in ta tashi daga aiki sai ta rataya ta a kan farin kayanta, ta bi titi. Asibiti ya koya mata jira. Yadda take lallaɓa mai tsoron allura da hira har ya manta, haka take yi wa mai tsoron kyamara. Kafin shekara uku, amare sun fara tsayawa a ƙofar shagon Yaya suna tambayar lambar ƙanwarsa. Yana ba su, amma ranar ba ya iya cin abincin kirki.

Da Baba ya rasu, Inna ta ce hoto ɗaya za a kafa a falo, kowa ya kawo nasa. Yaya ya zo da goma sha biyu, Baba a miƙe cikin kowanne kamar soja. Auta ɗaya ta kawo.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Baba ne a kujerar shagon, ya ƙyalƙyale da dariya har giɓinsa ya fito, hula ta karkace.

"Wannan ne mijina," in ji Inna. "Waɗancan baƙi ne."

Kishi ya turnuƙe Yaya. "Inna, ba a tsara shi ba fa. Dubi hannun wani ma ya shigo ta gefe."

"Naka ne, Yaya," Auta ta ce a hankali. "Karo na huɗu ke nan kana gyara masa hula. Kai yake wa dariya."

Yaya ya gane agogonsa a hannun. Shekara ashirin da biyar yana jiran Baba ya gama dariyar nan kafin ya danna.

"Haske bai isa ba," ya ce. Ya cusa hoton cikin jakarsa. "Ni zan sa masa gilashi. Kar ki yanke hannun."