Ɗakin da Ba a Kwashe Ba

A shekarar 1924 na fara ganin Gwaggo Zulaihatu, shekarar da aka turo ni Sakkwato aikin akawu a wani kantin sayen fatu. Na fito daga makarantar Mishan ta Lakwaja da rubutun boko da akwatin ƙarfe, ban san kowa a birnin ba. Wani dillalin fatu mai suna Lawali ya ba ni masauki a gidansa wajen Ƙofar Rini, wani ɗan ɗaki a jikin zaure. Ranar da na sauka, wata tsohuwa doguwa, marar jiki, ta leƙo da ƙwaryar fura. Ba ta miƙo mini ba sai da ta ƙare wa akwatina kallo, sannan ta tambayi Lawali a gabana ko ni ne mai leƙa ɗakunan mutane yana kai wa Nasara labari. Ya ce a'a. Ta ce to, za a gani.

Ƙanwar mahaifin Lawali ce. Ta yi aure a Wamakko, mijin ya rasu, ba ta da ɗa a raye, sai wanta ya dawo da ita gida ya ba ta ɗakin soro na kusurwar gabas, wanda bayansa ke jikin hanya. Da baki ya ba ta, a gaban wasu dattawa biyu, kuma shi da dattawan duk sun rasu kafin in zo. Babu abin da ke riƙe mata ɗakin nan sai zamanta a cikinsa, kuma ta san haka. Kaɗi take yi, tana sayar da daddawa. Ba ta sayen gishiri sai ta ɗanɗana, ba ta karɓar kyauta sai ta tambayi abin da za a nema daga baya. Furarta kuwa, har yau ban sha irinta ba.

Da rani na biyu ya zagayo, aka ga gara ta cinye azarar gidan, Lawali ya ce za a sake rufin ɗakuna duka kafin damina. Ya kira Mode magini, wanda taubashin Gwaggo ne, ɗan kawunta, mai wasa da ita tun suna yara. Tsarin da Lawali ya yi shi ne, matansa da yara su koma kwana a maƙwabta, tun da maza za su riƙa shiga da fita. Kayan gidan kuma a tara su a wani ɗaki da ba za a taɓa ba, a toshe ƙofarsa da tubali a yaɓe, kada hannun masu kwaɓa ya kai. Abin da aka liƙe ya liƙu ke nan sai aiki ya ƙare. Saboda haka kowace mace ta zauna ta zaɓi abin da za ta bari a waje, ƙarƙashin wata rumfar zana da aka kafa a tsakar gida.

Matan ba su sha wahala ba. Tukunyar tuwo da ta miya, turmi da taɓarya, faifai, buta, tabarmi, fitila. Jere da adudu da tasoshi suka tafi ɗakin ajiya. Jamilatu, ƙaramar, sai da aka gama yaɓe ƙofar ta tuna muciyarta tana ciki, ta yi ta aro har damina.

Gwaggo ce ta tsayar da aiki. Ina tsaye a bakin shigifa lokacin da Lawali ya durƙusa a ƙofarta.

"Gwaggo, ki fid da abin da ba ki iya wuni babu shi, mu kai rumfa. Sauran a liƙe."

"Mi za a yi ma ɗakin?"

"Rufi za a sake."

"Rufi sama yake. Kayana ƙasa suke."

"Ƙasa za ta zubo miki, Gwaggo."

"Ƙasa ce za ta rufe ni wata rana. Mu fara sabawa."

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne zaɓinta. Adudunta mai zannuwa na saƙi, da tasoshinta, har da murjaninta, duk ta miƙa aka kai ɗakin ajiya ba musu. Amma randar da aka binne rabinta a daɓe, da dutsen niƙan da aka dasa a gindin bango, da duwatsun murhunta, ta ce waɗannan kullum take amfani da su, kuma a inda suke za ta yi amfani da su. Lawali ya ce akwai randa a rumfa, akwai dutse a maƙwabta. Ta ce ruwan wata randa yana sa ta tari.

Da yamma ta kawo mini fura, ta zauna a dokin ƙofa, abin da ba ta saba ba.

"Akawu, kai ka san abin da ake faɗi kanti. Lawali ya yi zancen wurin ajiyar fatu?"

Na ce ban ji ba, kuma gaskiya ban ji ba. Abin da na sani kawai shi ne damina tana ɓata wa dillalai fatu, Baturen kanti kuma yana mayar da duk wadda ta yi danshi. Na faɗa mata haka. Ta daɗe tana dubana.

"Ko ka ji ba ka faɗi. Shi ya ba ka ɗaki."

Na tambaye ta me ya sa ta ba da murjani ta riƙe dutse. Ta ce, "Adudu in an fitar, yaro ma na iya maido shi. Randa in anka tone ta anka cike ramin, wa za ya ce ta taɓa zama nan?"

Haka aka yaye rufin tana ciki. Ta kife faifai a bakin randa, ta jingina zana a kusurwa ta yi inuwa, ta ci gaba da niƙa da hura wuta a ɗakin da ba shi da sama. Mode yana kan bango yana sauko da ruɓaɓɓiyar azara, hayaƙi yana shiga masa ido.

"Ke baiwata, kashe wutar nan, kin mai da ni kilishi!"

"Wa za ya ci kilishin tsohon jaki? Yi aikinka, bawa. Ka jefo mini hoge cikin miya ka biya."

"Miyar da ko kare ya ƙi?"

"Shi ya sa jiya ka sha kwano biyu."

Ana dariya, amma zargi yana yawo a gidan. Masu kwaɓa suka fara cewa tsohuwar ta binne azurfa a ƙarƙashin randa. Wani ma ya rantse ya ji ƙasa tana amsawa a wurin. Maganar ta kai kunnen Lawali, shi ma ya zo ɗakina ya tambaye ni ko Gwaggo ta taɓa yi mini zancen wani abu da mahaifinsa ya ba ta ajiya. Na ce a'a. Ya yi mini irin kallon da ta yi mini. Matan gidan suna cewa rikicin tsufa ne. Ita kuwa ko kasuwa ta daina zuwa, daddawarta a ƙofar ɗaki take sayarwa. In za ta kewaya, sai ta bar tukunya a kan wuta, don kada a ce ɗakin ba kowa.

Wata safiya, hantsi ya ɗaga, jaki ya tsaya a ƙofar gida da wani ƙyaure mai kauri, an buga masa ƙarfen maƙala kwado, tare da guntayen azara irin waɗanda ake ɗorawa a saman ƙofa. Aka shigo da shi aka jingina. Gwaggo ta fito, ta zagaya shi, ta kwantar da shi a ƙasa, ta zauna a kai.

Lawali ya shigo ya tarar da ita, ta nuna masa ƙyauren.

"Na ina ne wanga?"

"Na zaure ne, Gwaggo."

"Zaure na da ƙyaure. Ubanka ya sa shi, ko gara ba ta taɓa ba." Ta ɗaga kai sama. "Mode! Sauko. Ba wasa nika yi ba."

Mode ya sauko yana kakkaɓe hannu. Ta tambaye shi inda aka ce ya kafa ƙyauren. Ya dubi Lawali, ya dube ta.

"Bangon ɗakinki, ta wajen hanya. An ce in kin kwashe in huda ƙofa can, in toshe ta ciki. An ce kin yarda ki koma bukkar da ke gindin rumbu. Na zaci ja mini rai kike yi da randar nan, irin namu."

Masu kwaɓa suka tsaya da ƙafa cikin laka. Lawali bai musa ba. Ya ce gidan nan da fatu yake ci, bara ya yi asarar da ta kusa karya shi, ɗakin nan kaɗai ke jikin hanya, shi zai yi ajiyar fatu, kuma ya yi niyyar gyara mata bukkar ta fi ɗakin kyau. Ya ce ya san in ya tambaya ba za ta yarda ba. Ban ɗauke shi mugun mutum ba, a lokacin ko yanzu. Shi ya ciyar da ita, shi ya yi mata sutura. Amma ya so ya karɓi ɗakin ba tare da ya buɗe baki ya nema ba.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ce, "To. Kai ne maigida. Ga randa can, shiga ka tone da hannunka, mutane su gani."

Lawali bai shiga ba. Ya juya ga Mode ya ce ya huda bangon daga waje, ita ta zauna in ta ga dama.

Mode ya ce, "Ba ni huda bangon ɗakin da ke da wuta a murhu da ruwa a randa."

"Sai in kira wani."

"Kira. Ka fara zuwa wurin Sarkin Magina ka gaya mishi abin da ya sa na sauka. In ya ba ka wanda za ya hau aikin da na fara, to."

A wancan zamani magini ba ya hawa aikin ɗan'uwansa sai da izini, kuma Lawali ba ya son maganar ta fita. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar, gida duk a buɗe, matansa a gidan mutane, kayansa a liƙe. Washegari aka mayar da ƙyauren kan jaki. Mode ya jera sabuwar azara, ya rufe ɗakin Gwaggo kafin na kowa, ya shafe shi da makuba. Ba ta ce masa an gode ba. Sanda ta ɗauka ta bi rufin tana zungura, tana cewa ta san aikin bawa ba ya rasa kafa.

Abin bai tsaya wa Mode a nan ba. Lawali ya kama hayar wani ɗaki kusa da kasuwa don ajiyar fatunsa, bai ƙara kiran Mode aiki ba, ya kuma baza a cikin dillalai cewa magini ne mai karɓar umarni a hannun mata. Manyan ayyuka suka daina zuwa. Na sha ganinsa a shekarun baya yana yaɓen katangar talakawa, shi da ya saba ɗaga soro. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba, kuma in sun haɗu da Gwaggo zagin wasansu suke yi kamar da.

Mode ya rasu a 1931. Ya bar matarsa, Hasana, ba ɗa, magada kuma suka sayar da gidansa. A lokacin na yi aure na tashi daga gidan Lawali, amma matata tana zuwa wurin Gwaggo sayen zare, ita ta riƙa kawo mini labari. Gwaggo ta kawo Hasana ɗakinta, wai ta taya ta kaɗi na ɗan lokaci, idonta ya yi rauni. Daga nan ta fara rabon kayanta. Yau tasa ta tafi wurin wata jika, gobe zane ya tafi Wamakko. Duk gurbin da ya buɗe, kayan Hasana ke shiga. Abin da ba ya ɗaukuwa kuma, randa da dutsen niƙa da murhu, ta kira limamin unguwa da maƙwabta ta ce su shaida ta ba Hasana kyauta. Mutane suka ce tsohuwa ta ji ƙamshin kabari, ba wanda ya kawo wani abu a ransa.

Gwaggo ta rasu da kaka, a 1933. Bayan addu'ar bakwai aka shiga kwashe kayan mamaciya, kamar yadda ake yi. Ba a sami nata ba sai tabarma da buta da zanen da take ɗaurawa. Jeren da ke bango na Hasana ne, gadon nata ne, tukunyar da ke kan wuta tata ce. Ina zaure tare da masu zaman makoki lokacin da Lawali ya shiga. Matata ta ce ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin, sannan ya ce wa Hasana ta zauna, Allah ya jiƙan Gwaggo, ya fito.

Hasana ta zauna a ɗakin nan har ƙarshen ranta. Matata ta taɓa tambayarta ko Gwaggo ta faɗa mata dalilin wannan alheri. Ta ce ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Mode ba. Abin da ta ce mata kawai ranar da ta zo shi ne ta shigo da kayanta duka, kada ta bar komai a waje.