Kawu na Ɗakin Ƙasa Zai Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai Kawu yake sauka ɗakin da ke ƙarƙashin asibiti, inda na'urori ke gurnani, sanyi kuma na ratsa ƙashi. Ya rataye hula, ya buɗe kwamfuta, ya karanta ƙorafin da na'urar ta rubuta jiya, layi bayan layi. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma har yau ba wanda ya zauna kusa da shi ya koyi aikin.

Ma'ajiyar bayanan marasa lafiya ba ta iya lissafin yawan magani da kanta. Sai ta aika wa wata tsohuwar manhaja da ke wajenta, ta jira amsa. In manhajar ta faɗi, ma'ajiyar ta tsaya cak, layin karɓar magani ya kai bakin titi.

Haka aka yi bara. Injiniyoyin kamfani suka zo su uku, suka kashe, suka kunna, suka ce a sayi sabuwar na'ura. Babbar nas ta sauko tana haki.

"Kawu, don girman Allah! Mutane na zaune tun safe."

"Wa kika shigar na ƙarshe?"

"Wata tsohuwa. Ina ruwanka da ita?"

"Shekarunta nawa?"

"Ita kanta ba ta sani ba. Na bar wurin haka nan."

"Ashe ke ce kika kashe mana na'ura, 'yar nan."

Ya ware manhajar daga ma'ajiyar, ya shigar mata da bayanan tsohuwar da hannunsa, manhajar ta faɗi a gabansa. Wanda ya rubuta ta bai taɓa tunanin akwai mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba. Layi huɗu Kawu ya ƙara: in babu shekaru, manhajar ta tambayi likita maimakon ta faɗi. Kafin azahar kowa ya karɓi maganinsa. A taro, kamfanin aka gode wa.

Kai ne mai bin sawu, Kawu. Ba a taɓa jin ka zagi na'ura ba. Tambayarka kullum ɗaya ce: me aka ba ta?

Kwanan nan, in ya ji taku a matakala sai ya ɗaga kai. Mai shara ce, ko wani da ya ɓata hanyar banɗaki. Ɗansa ya karanci kwamfuta, amma yana wata ƙasa. A waya yakan ce, "Baba, wa ke amfani da wannan abin yanzu?" Kawu ya yi dariya, ya tambayi lafiyar jikoki. In ya ajiye wayar sai ya koma kan aikinsa.

Mun gode, Kawu. Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu digiri da ke ofisoshin sama, saura kwana goma sha tara. Ku sauko. Da abokan aiki suka tambaye shi abin da yake so a saya masa na sallama, cewa ya yi, "Ba sai kun saya mini agogo ba. Ku ba ni mutum ɗaya mai haƙuri, in nuna masa inda manhajar take tuntuɓe kafin in tafi."