Gurbin Dada

A gidanmu na Jalingo, kan hanyar Kona, ba a fara tatsuniya sai an kwashe tuwo an tura garwashi gefe. Dada, wato kakarmu ta wajen uba, takan miƙe ƙafafunta kusa da murhu saboda ciwon gwiwa, mu kuma mu zube a tabarma ɗaya. Ni da Buba, ɗan baffana, kullum kafaɗa da kafaɗa muke, har ana tsokanarmu wai zane ɗaya muke rufa da shi.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," haka take buɗe baki.

Wadda muka fi so ita ce ta mutumin da yunwa ta kora cikin duwatsu. Ya bi kogi har ya tarar da wani gurbi mai zurfi a gindin dutse mai kama da turmi. Uwar ruwa ta tausaya masa, ta ce ya kama kifi, amma da fatsa kaɗai, kuma iya abin da gidansa zai ci. Ya rayu a kan haka. Sai amininsa ya bi sawunsa, ya daka ganyen magimfa mai guba ya zuba a ruwan. Kifi ya taso ciki sama, manya da 'ya'ya. Tun daga ranar ruwan ya daina sanin zuriyarsu.

Dada ba ta ɓoye cewa gurbin na ƙauyensu ne ba, can bayan Serti. "Har yau yana nan," in ji ta. "In kun girma ku je, ku ce ku jikokina ne. Ba mai hana ku."

Ni tsoron uwar ruwa nake ji. Buba kuwa hanya yake tambaya. "Dada, bayan gada hagu ake yi ko dama?" Ita kuma ta yi ta murna, tana cewa wannan shi ne ɗan halak mai son gida.

Bayan rasuwarta da shekaru, a wani rani na ɗebi matata da yara a tsohuwar motata, da tanti na aro da fatsa da tukunya. Mun ci jar ƙasa, mun hau, mun gangara, motar tana nishi kamar tsohuwar jaka. Duk hanya ina yi wa yara alfahari da kifin da za su gasa da hannunsu.

Da la'asar muka ga dutsen turmi. Wallahi kamar yadda ta faɗa yake, har sai da idona ya ciko. Ina cikin kafa tanti sai ga wani dattijo da sanda. Na gaishe shi, na faɗi sunan Dada ina jiran a rungume ni.

Bai karɓi hannuna ba.

"Jikan Dada ya riga ya zo bara," ya ce. "Mai tabo a goshi. Mun ba shi ɗaki, mun ba shi nono. Da asuba shi da yaransa suka zuba maganin feshi a gurbin. Buhu-buhun kifi suka ɗauka. Je ka duba ruwa, malam, ko kwaɗo babu."

Buba ne mai tabo a goshi. Ina wurin ranar da ya faɗa kan turmin Dada ya samu tabon.

Abin da ya fi ci mini rai, bara ɗin nan ya kawo mini bandar kifi har gida, ya ce tsaraba ce daga garin Lau. Muka yi miya, na sa masa albarka, na ƙara da cewa Dada ba ta yi kuskure a kansa ba. Sauran kuwa a Kasuwar Jalingo ya sayar wa mutane suka kai wa 'ya'yansu.

Dattijon bai kore mu da zagi ba, ya dai ce mu naɗe tantinmu kafin magariba. A bakin titi muka kwana, muka dafa taliya da manja.

Na daɗe ina zaton Dada tana gargaɗinmu ne a kan baƙo. Ashe tabarma ɗaya muka zauna, ni na ɗauki tsoron, shi ya ɗauki kwatancen. Har yau muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

A bakin titin nan 'yata ta ce in ba su tatsuniyar gurbin. Na ba su duka, da uwar ruwa da magimfa. Da ƙaninta ya ce, "Baba, bayan gada ina ake bi?" sai na ce masa na manta.