Ƙafar da Mita Ta Auna

A layin shagunan da ke bayan tashar mota, mutane kan san ƙarar keken ɗinkin Tela kafin su san fuskarsa. Shagon ɗan ƙarami ne: teburin yanka, dutsen guga a lungu, yadudduka jere a kan kanta, sai manyan ƙusoshi biyu a bango inda yake rataye keken hawansa, siriri mai lanƙwasasshen hannu, wanda yake gogewa da ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane. Ya ba hamsin baya, gemu ya fara fari. Ba shi da yawan magana, amma in ya ce a'a, gara a nemi wani zancen.

Yana ƙarami ciwon shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu. Bai kwantar da shi ba, sai dai ya bar ƙafar siririya, ba ta kai 'yar'uwarta ƙarfi ba. Mahaifinsa ya duba ya ce sana'ar zama ce ta dace da yaron, ya kai shi wurin mai ɗinki. Ya koya, ya kuma iya, amma kalmar nan “zama” ta tsaya masa a rai. Ranar da ya fara aron keken wani maƙwabci ya gane cewa a ƙasa ne kawai yake ɗingishi, a kan sirdi babu mai bambanta shi da kowa. Tun daga nan bai rabu da keke ba.

Ya koyi tafiya a hankali har ɗingishin ya koma kamar ƙasaita. Wandunansa shi ke ɗinka abinsa, dogaye, da shafi mai kauri a ƙafar hagu. A ƙungiyar masu tseren keke ta garin kowa gajeren wando mai kama jiki yake sawa, shi kaɗai ke zuwa da dogo, ya ɗaure bakinsa da roba kada sarƙa ta kama. Samari na tsokanarsa, wai daga nan ofis Baba Tela zai wuce. Sai ya yi murmushi, in an kai hawan tudu ya bar rabinsu suna haki a baya. Ban da matarsa da amininsa Mai Faci, wanda ke gyara masa keke tun suna samari, babu wanda ya san abin da ke cikin wandon nan.

Duk safiyar Asabar ƙungiyar kan kasu biyu. 'Yan gaba su ke fita bayan gari su hau tudu, kuma a cikinsu ake ɗaukar masu shiga tseren shekara. 'Yan baya sababbin shiga ne, suna zagaya filin shaƙatawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, suna kauce wa yara da masu tattaki. Tela yana cikin 'yan gaba tun kafin wasunsu su iya ɗaura takalmi.

Sai ƙungiyar ta sami sabon koci, saurayi mai ladabi, wanda ya gaji da rigimar wane ya fi wane. Ya shirya taron bita a wani ɗakin karatu da suka ara, kujerun roba, fanka ɗaya na juyawa da ƙyar, ya gayyato wata malama da ta daɗe tana tsere kafin ta koma koyarwa. Ta ɗaga wani ɗan abu da bai wuce akwatin ashana ba, ta ce sunansa mita. Ana ɗaura shi a ƙarfen da ke riƙe da feda, ya auna ƙarfin da ƙafa ke dannawa da shi, ya nuna lamba a ɗan allo a hannun keke. Ta ce mutum kan ruɗi kansa, ya ji shi zaki ne a farkon tsere ya ƙone ƙarfinsa kafin rabin hanya, amma mai kallon lambarsa ya san inda zai matsa da inda zai saurara. Wannan ya yi wa Tela daɗi, don ya san abin da ke faruwa da zare in an ja shi fiye da kima.

Can cikin bayani ta ƙara da cewa mitar da ƙungiya ta saya irin ta ɓangare ɗaya ce: ƙafar hagu take aunawa, sai ta ninka, tunda yawancin mutane ƙafafunsu kusan ɗaya suke. Babu wanda ya kula da maganar, ana ta miƙa abin hannu zuwa hannu. Tela kuwa ya ji ta sarai.

Koci ya tashi ya sanar cewa daga yau lamba ce za ta raba mutane, ba sanayya ba. Kowa zai taka na minti ashirin iya ƙarfinsa a kan keken da aka kafe wuri ɗaya. Wanda ya kai layin da aka ja yana 'yan gaba, wanda bai kai ba ya koma 'yan baya, kuma babu shi babu tseren shekara sai in ya kai a awo na biyu.

Da aka zo kan Tela ya taka har gumi ya jiƙe simintin da ke ƙarƙashinsa. Lambar da ta fito ko wasu sababbin shiga sun fi ta. Wani saurayi da ake kira Dogo, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa gudu, ya leƙa allon ya ce, “Baba, batirin mitar ne ya mutu ko naka?” Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya ce. Koci ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya ɗan huta da 'yan baya tukuna.

A bakin ƙofa malamar ta tare shi. Ta lura da yadda ƙugunsa ke karkata dama in yana takawa. Ta rage murya ta ce tana da fedoji masu auna ƙafa biyu a jakarta, ko akwai abin da ke damun ta hagun?

“Ƙafata lafiyarta ƙalau, 'yata,” in ji shi. Ya tura kekensa ya fita.

Mai Faci ya biyo shi har shago yana faɗa. Ya ce shi bai taɓa ganin tsoho mai taurin kai irin wannan ba, abin da naɗe wando ɗaya zai kashe. Tela ya bar shi ya gama, sannan ya ce in ya naɗe wandon yau, daga gobe duk tudun da ya hau za a tafa masa irin tafin da ake wa yaron da ya fara tafiya. Za a riƙa jiransa a hanya, a riƙe masa gorar ruwa. Ya ce ya gwammace dariyar Dogo sau dubu.

“Kuma mitar ba ta yi ƙarya ba, mutumina,” ya ƙara. “Ta faɗi gaskiyar ƙafar da na bari tana barci, ƙafar dama ke goye da ita tun ina yaro.”

Matarsa ta ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ta ce zagaya fili ba abin kunya ba ne, shekaru ma sun ja. Washegari da ta kawo masa abincin rana, tun daga bakin layi ta ji ƙarar keken ɗinkin ta canza, tana tsinkewa kamar tarin tsoho. Da ta leƙa sai ta ga ya cusa ƙafar dama ƙarƙashin kujera, ya ɗora ta hagu a kan matakin keken. Duk shekarun nan da ƙafar dama kaɗai yake ɗinki. Yanzu ya ce hagu za ta ci da gidan, ko ta so ko ta ƙi.

Ƙafar ba ta san aikin ba. Wili ya riƙa juyawa baya, zare na tsinkewa, allura na karyewa. Ɗinkin da aka san shi da shi, miƙaƙƙe kamar an ja da rula, ya koma sawun maciji. Lokacin kuwa kayan makaranta ne cike da teburin. Wata mata ta dawo da siket ɗin 'yarta ta shimfiɗa masa, ta tambaya ko cikin mota ya ɗinka shi. Ya ba ta haƙuri, ya farke, ya sake ɗinkawa a gabanta, da hagun dai. Mai aski na shagon kusa ya riƙa leƙowa yana cewa a kira makanike, injin Tela na shan mai.

Matarsa ta yi fushi sosai. Ta ce a kan wani ɗan ƙarfe zai kori mutanen da suka shekara suna kawo masa ɗinki. Da yamma ƙafar kan ɗaure masa, tsokar ta yi tauri kamar igiya, ita ce kuma ke dafa ruwa ta gasa masa tana mita, wai ita ce mitar gaskiya a gidan nan da ba a saurara. Amma wata rana tana zaune a shagon tana sa maɓallai, ta hangi ƙafar dama ta lallaɓo kan matakin ba tare da ya sani ba, hankalinsa na kan wuyan wata riga. Ta ɗauki tef ɗin awo ta tsula wa ƙafar.

“Malam, in za ka yi taurin kai, yi shi da kyau,” ta ce. Ta jawo kwalin ƙyallaye ta ajiye a kan ƙafar. Daga ranar, in ya buɗe shago kwalin yake fara jawowa.

Ran Asabar bai ƙi fita ba, bai kuma laɓe ba. Ya je cikin 'yan baya, ya ɗaure ƙafar hagu da madaurin feda, ya saki ta dama tana lilo, ya riƙa zagaya filin da ƙafa ɗaya. Keken na fizga, yara na nuna shi. In 'yan gaba sun zo wucewa zuwa tudu Dogo kan ɗaga masa hannu ya tambaya ko a taho masa da tsaraba. Tela kan ce ya taho da numfashinsa dai, don kullum a can yake barinsa.

A hankali ƙarar keken ɗinkin ta fara daidaita. Mai aski ya daina leƙowa. Ɗinkin ya miƙe, ko da yake ba da saurin da ba.

Da lokacin awo na biyu ya yi, malamar ta dawo don ƙarasa bitar, aka koma ɗakin nan mai fanka ɗaya. Mai Faci ya ɗaura mitar a keken Tela ba tare da ya dube shi ba. Tela ya hau, ya tuna abin da malamar ta koyar, bai ɗauka da zafi ba. Ya riƙe lambarsa kamar yadda yake riƙe bakin yadi, sai can wajen ƙarshe ya zuba duk abin da ya rage. Lambar ta yi tsalle ƙwarai daga inda take a awon farko. Amma da aka tsaya, ta gaza layin da ɗan kaɗan.

Koci ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya fara cewa, duba da shekarun Baba da daɗewarsa a ƙungiya, yana ganin babu laifi a ɗaga masa ƙafa.

“Kada ka ba ni don furfura, ɗana,” Tela ya katse shi. “Layin da ka ja, bar shi inda yake.”

Ya sauko, ya kwance robar bakin wandon, ya naɗe shi har gwiwa. Ƙafar ta fito fili, siririya, da 'yar sabuwar tsoka a ƙwauri wadda ba ta nan a da.

“Wannan kuka auna, sau biyu. Ita kaɗai ta kawo lambar nan da kuke gani. Da na nuna ta wancan karon, da uzuri na kawo muku. Yau aikinta ta zo da shi. Duk wanda ya ce wayyo, ni da shi ne.” Ya juya wajen malamar. “'Yata, fedojin nan naki masu auna biyu, suna nan?”

Ta ce suna nan, amma ya bari sai wani satin, mutum ba ya yin wannan awo sau biyu a yini. Ya ce zai jira kowa ya gama, ya sha ruwa, hutunsa ke nan. Haka aka yi. Ya zauna a kujerar roba da wandon a naɗe, bai sauke shi ba, har aka auna na ƙarshe. Sannan ya sake hawa. A gajiye yake, kowa ya ga haka, numfashinsa har waje ake ji. Sai dai wannan karon ƙafar dama ma an ba ta baki, kuma da aka haɗa abin da ƙafafun biyu suka danna, lambar ta haye layin ta bar shi a baya. Koci ya ce Baba na 'yan gaba, kuma yana cikin masu tseren shekara, ba alfarmar kowa.

Wani ya ɗaga hannu zai tafa, Tela ya dube shi, hannun ya koma aljihu. Dogo ne ya ceci ɗakin. Ya ce to yanzu dai Baba ba shi da hujjar zuwa da wandon ofis. Tela ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya ce wanda ya ɗinka wa Dogo nasa wandon ya ci amanarsa, ya kawo a gyara.

Asabar ɗin da ta biyo ya zo da gajeren wando baƙi, ɗinkin kansa, da ƙafar hagu ya taka shi, babu shafi, layin ɗinkin a miƙe. Suka fita bayan gari a jere. A gindin tudu, inda hanya ta fara miƙewa sama, Koci ya waiwayo yana rage gudu, don ya ga ko Baba na biye.

“Dubi gabanka,” in ji Tela daga dab da kafaɗarsa. Ya tashi tsaye a kan feda, ya fara dannawa da hagu.